Tef Ɗin da Ba a Tsayarwa

Duk garin Valjevo babu wanda bai san labarin Milutin da Gavra Lukovac ba, don Milutin bai bar kowa ya tsira ba. Mai aski ya ji, mai sayar da burodi ya ji, har limamin coci ya ji sau biyu, ɗaya a wurin biki, ɗaya a wurin jana'iza. Labarin gajere ne in wani ke ba da shi. A farkon shekarar 1981, yana ɗan shekara goma sha tara, Milutin ya buga wa Gavra ganga a wani situdiyo a Belgrade. Gavra kuwa a lokacin shi ne mawaƙin rok da 'yan mata ke yanko hotonsa daga jarida, samari kuma ke fasa aski saboda shi. Kwana uku suka yi, waƙa ɗaya tak aka ɗauka, ita ma sai da aka maimaita ɗaukarta sau huɗu. Da Milutin ya koma gida ya tarar da takardar aikin soja na dole da yake tsammani tana jiransa a kan tebur. Yana bariki a can kudu faifan ya fito, ga waƙar nan a kai, amma da gangar wani.

"Cin amana ne tsagwaronsa," haka yake rufe zancen kullum. "Ɗaukata ta huɗu ta fi wadda suka fitar sau goma. Duk ranar da ta fito za ku ji da kunnenku."

Tun daga nan bai sake riƙe sandar ganga ba. Ya yi shekara talatin da biyar yana auna kaya a gidan waya, ya auri Desanka, ya yi ritaya. Gavra ya mutu tun 1996. Amma mutumin nan da Milutin ke zagi a bainar jama'a, shi ne ya cinye masa ɗaki guda cur a gida. Duk bayan 'yan shekaru kamfanin faifai sai ya buɗe ma'ajiyarsa ya kwaso abin da masu tarawa ke kira ɓarɓashi, wato waƙoƙin da aka ɗauka aka ajiye, da gwajin da ya lalace a tsakiya, da wasan da wani ya naɗa a ɓoye daga bayan zaure. A zuba su a sabon kwali, a ce an gano taska. Milutin yana da kowanne. Yana da bugun Ljubljana mai shuɗin kwali, da na Jamus mai faifai shida, da wani na Japan da ko rubutun jikinsa ba ya iya karantawa. Duk wanda ya iso, tun a tsaye a bakin ƙofa yake yage ledar ya duba jerin waƙoƙin. Ɗauka ta bakwai tana nan, ta tara tana nan, ta goma sha ɗaya ma an fitar da ita har sau uku. Ta huɗu ce dai shiru.

Abin da bai taɓa gaya wa mai aski ba, ko Desanka, shi ne shi kansa bai taɓa jin ɗaukar nan ba. Ranar da aka yi ta, ana buga ƙarshe ya sunkuci rigarsa ya ruga tasha don kada jirgin yamma ya bar shi. Shekara arba'in da biyu ke nan yana rantsuwa a kan abin da bai ji ba, kuma a can ƙasan ransa yana tsoron ko don bai iya ba ne aka cire shi.

Ranar wata Laraba cikin watan tara waya ta yi ƙara. Wata tsohuwa ce mai suna Slavka, matar marigayi Stanoje, wanda ya riƙe na'urar ɗaukar sauti a situdiyon a wancan zamani. Za ta koma wurin 'yarta a Novi Sad, tana kwashe kaya ta tarar da wani kwali a ƙarƙashin sif. Wani mai shagon faifai da ya san Milutin ne ya ba ta lambar wayarsa.

"An rubuta Gavra, Fabrairu tamanin da ɗaya, yaron Valjevo," in ji ta. "Kai ne yaron?"

"Ni ne, baba," in ji Milutin, mai furfura har a gira.

"To ka zo ka ɗauki kayanka kafin in zuba a shara. Na gaji da tarkacen Stanoje."

Washegari da azahar yana tsaye a garejin Obrad, rungume da kwalin kamar wanda ya ɗauko jariri daga asibiti. Obrad shi ne kum ɗinsa, wato wanda ya tsaya masa shaida ranar aure, shi ya sa suke kiran juna kume, kuma ya yi rayuwarsa kaf yana gyaran na'urori a gidan rediyo. Mutum ne da in ka ce masa gidansa na ci da wuta sai ya fara neman tabarau. Ya buɗe kwalin, ya ɗago naɗin tef ɗin, faɗinsa kamar farantin cin abinci. Ya shinshina, ya warware ɗan kamu ɗaya ya shafa da yatsa, ya ga yana mannewa.

"Ɗora shi, kume," in ji Milutin. "Ga na'ura can tana kallonmu."

"In na ɗora shi yanzu, cikin minti biyu duk waƙar za ta goge ta koma baƙin danƙo a jikin ƙarfe. Ya sha raɓa. Sai an gasa shi."

"A gasa? Kaza ce?"

"Digiri hamsin da huɗu, awa takwas. Sannan ya huce yini guda da kwana, ba a taɓa shi. Lahadi sai mu ji."

"Lahadi! Yau fa Alhamis!"

"Shekara arba'in ka jira, kwana uku ne za su kashe ka? Tanderun girki ba zai yi ba, zafinsa hawa da sauka yake. Injin Desa nake so."

Nan fa ake yinta. Desanka tana da injin busar da 'ya'yan itace mai hawa biyar, kuma lokacin shiliwa ne, ɗinyar ƙasar, duk baranda cike take da kwanduna. Ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallon tsofaffi biyu suna kwashe mata shiliwar da ta fara yamushewa suna jerawa a kan jarida.

"Wato mushen mawaƙi ya fi abincin hunturu," in ji ta. "Kume Obrad, kai da nake gani da hankali."

"Yini ɗaya ne, Desa. Zan wanke miki shi da hannuna."

"Ka wanke kan amininka tukuna. In shiliwata ta yi tsami, ku biyun za ku cinye ta, da cokali."

Ranar Juma'a da ƙarfe tara na safe aka sa tef ɗin a cikin injin aka rufe murfi. Obrad ya soka ma'aunin zafi ta wata kafa, ya ce zai dawo ƙarfe biyar, ya tafi abinsa yana fito. Milutin ya jawo kujera ya zauna gaban injin a ɗakin girki. Minti goma bai cika ba ya miƙe. Ya shiga ɗakin faifai ya ɗora bugun Jamus, ya ji rabin waƙa ya cire. Ya dawo ya duba ma'auni, hamsin da huɗu. Ya fita baranda ya kori zanzaro daga kan shiliwa, ya dawo, hamsin da huɗu. Desanka ta aike shi kasuwa ya sayo cuku da barkono don ya bar mata ƙasa ta share. Ya dawo da barkono da jarida, babu cuku. Mutum ya kasa zaune ya kasa tsaye, sai ka ce matarsa ce ke naƙuda a cikin injin.

Wajen ƙarfe biyu Desanka ta tafi gidan maƙwabciya. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai hurawar injin. Milutin ya tsaya a kansa yana kallon maɓallin zafi. Lambobin jikinsa sun kai har saba'in da biyar. Obrad ya ce in ya wuce sittin tef ɗin zai lanƙwashe ya zama ba shi da amfani. Murɗawa ɗaya ce. Sai a ce injin ne ya yi gardama, a zagi kamfanin da ya ƙera shi, shi kuma ya ci gaba da ba da labarinsa har kabari ba mai ƙaryata shi. Ya ɗora yatsa biyu a kan maɓallin. Tsoro yake ji, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka fara miƙa masa bindiga a bariki.

Ƙarar ƙofa ta sa ya janye hannu. Desanka ta shigo, ta dube shi, ta dubi injin.

"Me kake taɓawa?"

"Ƙura nake gogewa."

"Kai? Ƙura?" Ta ajiye jakarta a hankali. "Mile, in tambaye ka mana. In aka kunna Lahadi aka ji ba daɗi fa?"

"Wa ya ce ba daɗi?"

"Ba wanda ya ce. Tambaya na yi."

"To ki riƙe tambayarki. Kin taɓa jin ina kiɗa?"

"Ina fa na ji? Kafin in san ka ka sayar da gangunan. Ni mai auna kaya na aura, kuma ban yi kuka ba."

Ya buga ƙofa ya fita, ya zagaya unguwa sau biyu, ya dawo kafin ƙarfe uku don ya duba ma'auni.

Asabar ta fi Juma'a muni, don babu ko ma'aunin dubawa. Obrad ya san halin mutuminsa, sai ya tafi da tef ɗin garejinsa ya kulle a kabad ya sa makulli a aljihu. Sau uku Milutin ya je. Na farko wai ya zo aron filaya. Na biyu ya dawo da filayar. Na uku bai ma nemi dalili ba, ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa ai ya huce haka, a yanayin nan ko miya awa guda take yi ta yi sanyi.

"Kume," in ji Obrad, bai ko ɗago daga rediyon da yake kwancewa ba, "sauri ya haifi nawa. Je ka taya Desa cire ƙwallon shiliwa."

Lahadi da hantsi su uku suka hallara a garejin. Desanka ta zo da kofi a butar ƙarfe da kofuna uku, ta ce ba don waƙa ta zo ba, ta zo ta ga abin da ya hana ta injinta. Obrad ya goge duk ƙarfen da tef zai bi ta kansa da auduga, ya haɗa tsohuwar na'urar da kwamfuta, ya zura tef ɗin a hankali. Sannan ya juyo ya cire tabarau.

"Ku ji doka. Wannan tef ɗin gashi bai warkar da shi ba, lallaɓa shi kawai ya yi. Tafiya ɗaya gare shi. In ya fara juyawa ba a tsayar da shi sai ya ƙare da kansa, don in ya tsaya zai manne a inda ya tsaya, ya tsinke, abin da ke gaba ya tafi ke nan. Rabin awa ne. Ko wuta ta kama gemuna, kada wanda ya taɓa min na'ura."

"Mun ji, malam likita," in ji Desanka. "Danna."

Da farko shuuu kawai ake ji. Sai tari, sai muryar Stanoje daga nesa yana cewa ta ɗaya. Aka ƙirga, ganga ta shigo, ba a yi nisa ba sai ƙarar sanda ta faɗi ƙasa tana gangarawa. Wata siririyar murya ta ce, "Yi haƙuri, maigida, hannuna ne ya yi gumi." Desanka ta toshe baki. Milutin ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, don muryarsa ce, kamar ta ɗan akuya.

A ta biyu Gavra ne ya manta baiti, ya zagi kansa da kakansa. A ta uku gangar ta yi ta gudu tana barin kowa a baya har Gavra ya daka tsawa. "Kai ɗan Valjevo! Kare ne ya biyo ka? Ina za ka?" Milutin ya miƙe, ya je bakin ƙofar gareji, ya dawo, ya kama bayan kujera ya riƙe. Bai yarda ya haɗa ido da kowa ba. Abin da yake tsoro ke nan, ga shi yana fitowa a gaban matarsa da kum ɗinsa.

"Ta huɗu," in ji Stanoje.

Wannan karon gangar ta shigo a natse, da nauyi, ta ɗan ja baya kaɗan kamar mai tafiya da kaya a ka. Jita ta hau kanta, muryar Gavra ta hau kan jita. Milutin ya san waƙar nan fiye da sunan kakanninsa, ya ji ta sau dubbai da gangar wancan mutumin, amma bai taɓa jin ta tana numfashi haka ba. A tsakiya, inda wancan ke cika wuri da hayaniya, yaron ya yi shiru na bugu biyu, sannan ya faɗo, har Gavra ya yi wata 'yar ƙara ta jin daɗi a cikin waƙar. Obrad, wanda ba a taɓa ganin ya kaɗa kai don kiɗa ba, yana buga ƙafa a kan siminti. Minti huɗu da 'yan kai, aka rufe da bugu ɗaya.

"Kun ji?" Milutin ya daki teburin aiki har sukurori suka yi tsalle. Hawaye ne a fuskarsa, bai damu ya share ba. "Kun ji ko ba ku ji ba? Deso, kin ji mijinki? Shekara arba'in ina faɗa ana ce min tsoho mai surutu! Wannan ya cire, ɓarawon, wannan! Kashe, kume, ya isa. Mu je wurin mai aski yanzun nan."

"Zauna," in ji Obrad. "Saura minti goma sha bakwai."

"Ba komai a gaba, ai na tafi!"

"Na ce ba a tsayarwa."

A cikin tef ɗin aka ji takun gudu, siririyar muryar tana cewa jirgi zai tafi, sai an jima, ƙofa ta rufu. Stanoje ya manta bai kashe na'ura ba. Aka ji ƙyastin ashana, sai muryar Gavra kusa da makirfo, ba irin ta waƙa ba, murya ce ta mutumin da ya gaji.

"Ka ji abin da yaron nan ya yi a tsakiya?"

"Na ji," in ji Stanoje. "Amma ka san soja za su ɗauke shi cikin watan nan, shi ma ya faɗa. Kamfani kuma na son faifai kafin bazara. Saura waƙa takwas, ba za su yarda da makaɗa biyu a faifai ɗaya ba."

"Na sani. A kawo wani a sake duka, ba yadda zan yi. Amma duk wanda aka kawo a gaya masa aro ne, wata goma sha biyar. Kujerar ta yaron ce. Wannan naɗin kuma ka ɓoye min shi a gidanka, kada 'yan kamfani su naɗe wani abu a kai. Ranar da ya tuɓe kaki ya dawo, da shi zan tarbe shi."

"To ka rubuta masa a bariki, kada ya ji faifai a rediyo ya ɗauka an yar da shi."

Gavra ya yi dariya har da tari. "Ni da wasiƙa? Ko uwata ban taɓa rubuta wa ba. Ya san ƙofata, hawa na uku. Wanda ya yi kiɗan nan ba ya bukatar a roƙe shi, ƙafarsa za ta kawo shi."

Daga nan suka shiga zancen wanda zai sayo taba.

Milutin yana tsaye inda yake, hannunsa a kan tebur. Obrad ya mai da tabarau ya ƙura wa allurar na'ura ido kamar yau ya fara ganinta. Desanka ce ta ajiye kofinta a kan wani tsohon talabijin.

"Mile. Da ka dawo daga soja, ba ka je ba?"

Ya lalubi kujera ya zauna.

"Na je."

"Ka je? Ai cewa kake ko hanyar unguwarsu ba ka sake bi ba."

"Na je, Deso. Kwana biyu da sallamata, kaina a aske ƙwal. Na hau har hawa na uku. Ina kan matakala na ji ana gwaji a ciki, ana buga ganga." Ya shafa gwiwarsa da tafin hannu. "Na tsaya a bakin ƙofa, ban san ko minti nawa ba. Na ce in na shiga zai dube ni ya ce wane ne wannan. Ko ya tuna ni, ya gaya min a gaban mutane dalilin da ya sa ya cire ni. Sai na sauko na koma tasha."

"Ko sallama ba ka yi ba?"

"Ban yi ba."

Tausayinsa ya kama Desanka, da haushinsa, ta rasa wanda za ta fara da shi. Ta jawo kujerarta kusa da tasa ta zauna.

"Shekara goma sha huɗu ya yi a raye bayan nan," in ji Milutin, ba da kowa yake ba. "A gidan nan dai, hawa na uku." Ya ɗago ya dubi Obrad. "Kume, don Allah kashe."

"Ba zan iya ba, kume. Saura minti goma sha ɗaya."

Suka zauna su uku. A cikin tef ɗin Stanoje ya fita sayen taba, ya bar Gavra shi kaɗai a situdiyo yana gyara zaren jita, yana bin waƙar ƙasa-ƙasa da hanci, in ya zo tsakiya sai ya yi shiru na bugu biyu.